Baƙuwar Sabar Ranar Kasuwa

Lokacin ina kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti a Bukkuyum, akwai abin da ya hana ni sakat. Sabarmu, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan rigakafin yara, na san duk na'urar da ke shiga cikinta. Amma duk ranar kasuwa da hantsi sai wata baƙuwar na'ura ta shigo, ta ɗan jima, ta fice.

Ni ko da saurin fushi. Na tsare ma'aikata da tambaya har mai ba da magani ya daina gaishe ni. Da na bi lambar na'urar sai na gane ta. Kwamfutar hannu ce da muka ba wata ma'aikaciyarmu Bafillatana mai bin rugage. Tun da 'yan bindiga suka tashi rugarsu wajen Zugu ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Ban san ko tana raye ba, ko kuwa kayanta ne a hannun wani.

Shugaban asibitin ya ce in toshe. Na ce a bar ni zuwa kasuwa mai zuwa.

Ranar, na'urar na shigowa sabar na fita da wayata ina bin iyakar wayfai ɗinmu, don sai an matso kusa ake kama shi. Ba kowa a ƙofa sai sabon mai gadi. Na zagaya bayan katanga, wurin da ake ɗaure awaki. Ga ma'aikaciyar tamu tsugune da goyo, ta ɗaga kwamfutar sama tana jiran bayanai su wuce. Murna ta kama ni har na manta da sallama.

"Malama! Kina da rai kinka ƙyale mu? Mi ya hana ki shiga?"

Ta rufe baki da mayafi. "Malam, mai gadinku uban mijina na. In ratsa gabanshi da ɗan fari a baya?"

Na yi dariya har awakin suka firgita. Ashe ta yi aure, ta haihu, kuma duk inda suka yada zango tana rubuta yaran da ta tarar.

Na koma na shaida wa shugaba ba abin da za a toshe. Na ciro akwatin wayfai daga ofis na maƙala shi a tagar baya, na sa aka ajiye benci a gindin katangar.