Fartanya Biyar a Rufin Zaure

Ƙauyenmu yana kusa da garin Babban Mutum. In mutum ya miƙe arewa da safe, kafin hantsi ya taka ƙasar Nijar bai sani ba. Tun ina amarya na tarar 'yan ƙwadago suna gangarowa daga wajen Magarya duk damina. Sukan shuka nasu su bari, su zo nan su yi wa mutane noma, su koma da abin da zai kai iyalinsu kaka.

Shekarar da aka kafa Shari'a maigidana ya rasu. Ya bar mini gonar gero ɗaya, jigawa daga sama, kwari daga ƙasa. 'Ya'yana mata ne, duk suna gidajen mazajensu. Saboda haka abincina na shekara a hannun waɗannan baƙi yake. Mutum biyar ne suke sauka a zaurena, har da babbansu, wani dogo mai yawan magana amma ba ya barin ciyawa a bayansa.

Suna da wata al'ada. In za su koma gida, kowa ya soke fartanyarsa a rufin zauren gidan da ya ji daɗinsa. Ma'anarta, baɗi nan zai fara sauka, kuma gonar gidan za a fara nomewa kafin ta kowa. Ba a rubutu, ba a kiran shaida. Ni kuma na san kowace fartanya da mai ita. Ta babban nasu an naɗe ƙotar da jar fata. Ɗaya akwai ƙuna a gindinta, ɗaya ƙotar ta karkace, ɗaya bakinta ya cinye ta gefen hagu don mai ita bahago ne. Ta biyar ƙarama ce, ta wani mai shiru-shiru da ba ya shan fura sai ya wanke hannu sau biyu. Ban taɓa barin kowa ya sauko da su ba, ko don kashe kunama.

Haka muka yi shekaru. Abubuwa ba rana ɗaya suka sauya ba, ina kallo suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Samarinmu suka fara sayen babura, aka daina ganinsu a gona, sai a bakin shagon Ibo mai kayan gyara ko a hanyar Daura da fasinja. Injin niƙa ya zo, na sussuka ya biyo shi, matan da suke cin abinci da turmi suka zauna. Maƙerinmu ya kashe wutarsa ya tafi Daura koyon walda, wai ƙofar ƙarfe ta fi fartanya kasuwa. Sai naira ta soma faɗuwa a gaban sefa, kuɗin Nijar. Ni ban san yadda ake wannan lissafin ba, amma na ga baƙina suna juya kuɗin aikinsu a hannu ba sa murna kamar da.

Wata damina aka yi shuka, gero ya tsiro, ban ga kowa ba. Na share zaure, na jiƙa gero don fura, ina leƙa hanya. Mako ya wuce, na biyu ya shiga. Harƙiya ta taso a kwari har ta fara rufe shukar. Wanda ya san gero ya san in ciyawa ta riga shi tsawo, sai dai a yi haƙuri da shekarar.

Na je wurin maƙwabciyata, bazawara, wadda a da ita ce kan gaba wajen sussuka a unguwarmu. Ta ce ita da wasu mata uku za su shiga gonar tare da ni, ni kuma in ba su dammunan gero da kaka. Hannu ya samu, sai abin noma. Duk gidan da ke da fartanya, mazansa suna gona da ita. Maƙeri babu. Sayen biyar a kasuwa kuwa, a tsakiyar damina da rumbu ya yi ƙasa, ya fi ƙarfina.

Ƙanin maigidana ya shigo ya tarar da ni a zaure na ɗaga kai.

Ya ce, "Matar yaya, kallon me kike yi? Ga su nan biyar, ku ma biyar. Sauko da su mana."

Na ce, "Nawa ne?"

"Na wa ne in ba naki ba? Zaurenki ne fa."

"Zauren nawa ne. Abin da ke rufin ajiya ce."

Ya yi dariya har da tafa cinya. "To zauna ki yi gadin ƙarfe. Da kaka sai ki daka amanar ki yi mana tuwo."

Na ce ya tashi ya ba ni wuri, tun yana yaro bakinsa ya fi hannunsa aiki. Amma da ya fita maganarsa ta zauna mini. Kwana uku muna cirar ciyawa da hannu, mu biyar, ba mu gama ko kunya goma ba. Kowace safiya sai na tsaya ƙarƙashin fartanyoyin nan. Na san ba wanda zai zarge ni. Abin da ya hana ni shi ne, da na sauko da su na karya maganar da suka bari, in gobe suka zo su tarar na ba wasu wurinsu.

Rana ta huɗu da hantsi na ji babur ya tsaya a ƙofa. Babban nasu ne, da sabuwar riga da waya a aljihu, an ɗaure awaki biyu a bayan babur ɗin.

Na ce, "Lale da Alhajin sefa. Noma aka zo ko kallo?"

Ya durƙusa ya gaishe ni. "Inna, ki yafe mini. Yanzu awaki nake saye a nan in kai can. Kuɗinmu ya yi nauyi, naku ya yi sauƙi, in na yi miki noman mako guda ba zai kai ni gida ba."

"Ka kyauta da ka faɗi gaskiya. Da ka aiko tun farkon ruwa da ka fi kyautawa. Sauran fa?"

Ya ce mai fartanya mai ƙuna yana haƙar zinari can arewa da Agadas. Mai karkatacciyar ƙota yana leburan gini a Aljeriya. Bahago yana kabu-kabu a Magarya. Da ya zo kan mai shiru-shiru sai ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya yi masa rasuwa da rani, ya bar mata da 'ya'ya biyu. Muka yi masa addu'a.

Na gaya masa halin da gonar take ciki. Ya ce, "Haba Inna, don wannan kika bar gero? Ki kwashe duka."

Na ce, "Taka kake da iko da ita. Fito da wayar nan taka."

Ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe muryar wayar ina ji da kunnena. Mai zinari ya yi ta dariya, ya ce ya ɗauka gara ta cinye ta tuni, ya bar mini har abada. Bahago ya ce aro ya ba ni, don bai san ranar da babur zai gaji da shi ba. Na Aljeriya sai da aka bi ta wurin ƙaninsa, muka jira har azahar, shi ma ya ce aro. Babban ya ba ni tasa kyauta. Ƙaramar kuwa na sauko da ita da kaina, na goge tsatsar da man gyaɗa, na ɗaura masa a babur tsakanin awakin. Na ce ya kai wa matar, ta magada ce.

Da fartanya huɗu muka shiga, mace ɗaya tana hutawa tana dama fura, muna karɓa-karɓa. Ba mu da saurin maza, amma matan da suka yi shekaru da taɓarya ba a koya musu sunkuyo. Jigawar ta tsira gaba ɗaya. Kwarin kam harƙiya ta riga mu, rabinsa ya tafi, sai wake na zuba a wurin. Ƙanin maigidana bai fasa gaya mini kwana ukun nan ne suka ci kwarin ba. Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Geron da na samu, bayan na fitar wa matan nasu, ya kai ni har saukar ruwa, da ƙyar.

Ranar da muka gama ɗaurin dammuna, matan suka biyo ni gida da fartanyoyin. Na ware na aro biyu na mayar inda masu su suka bar su. Ina juyowa na ga maƙwabciyata ta taka turmi, ta soke mai jar fatar a rufi da hannunta.

Na ce, "Ke kuma fa?"

Ta ce, "Yaya, ba haka ake yi ba? Baɗi gonarki zan fara."

Na ce ta sauko a hankali kada ta fasa mini turmi.