Ranar da Baba Ya Faɗi Sunana a Gaban Na'ura

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda sai an tuna mini nake tunawa, amma ranar da babana ya faɗi sunana saboda maganar lampo, wato harajin da ake cirewa a albashi, ba ta cikinsu. Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman hular da ke kaina, ba na jin zan manta da wannan rana.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi a gidajen da ba su saki al'ada ba. Iyaye na jin kunyar ɗan fari. Ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi, ba sa nuna wa duniya cewa sun san da zamansa. Ana yaye ni aka kai ni Yekuwa wajen kakata, sai da na isa shiga kolej, wato ƙaramar sakandare, aka dawo da ni Magarya. In Baba zai aike ni, sai ya dubi ƙanena ya ce, "Kira wancan." In baƙo ya tambaye shi yara nawa Allah ya ba shi, sai ya ce biyar, alhali ni na shidan ina durƙushe ina zuba wa baƙon ruwa. Inna ma haka take, sai dai ita takan rama a cikin kwano, don tsokar da ke ƙarƙashin tuwona ba ta taɓa zama ƙarama ba. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini, amma sanin bai hana abin ya riƙa sukata ba.

Baba direba ne a wata ƙungiyar agaji mai aikin lafiyar yara. Ya san yashin hanyar Bande da Dungas da Sassumbrum kamar tsakar gidansa. Mutum ne mai tsadar magana, abin alfaharinsa a duniya biyu ne: bai taɓa kayar da mota ba, kuma ba a taɓa neman ko ɗigon mai a hannunsa an rasa ba. Ranar da aka ɗauke shi aiki, ina can Yekuwa, aka tambaye shi yawan iyalinsa, ya lissafa ya tsallake ni yadda ya saba. A kan wannan lissafi aka yi ta cire masa lampo shekara da shekaru.

Shekarar da nake ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, sai babban biro na Yamai, wato hedkwatar ƙungiyar, ya aiko da sabon tsari. Kowane ma'aikaci an buɗe masa shafinsa a intanet, zai shigar da iyalinsa da takardun haihuwarsu, saboda yawan waɗanda mutum ke ciyarwa yana rage masa lampo. Wanda aka ga an cire masa fiye da ƙima, za a mayar masa. Baba kuwa iyakarsa da waya ya amsa kira ya kashe. Sai ya ba ƙanena wata leda ya ce, "Miƙa wa wancan, ya je biro a sa su a na'ura."

Sakataren biron mutumin kirki ne mai yawan barkwanci, ya san gidanmu ciki da waje. Ya zazzage ledar, ya jera takardun a tebur, ya dube ni.

"Ina taka?"

Na ce, "Ni ai ba na cikin lissafi."

Ya ce, "Wannan a gida ke nan. Gwamnati ba ta san kunya ba. Kana lekol kana karatu, tuwon babanka kake ci, doka ta yarda da kai. Je ka ɗauko."

Ban tsaya jayayya ba. Na je na ciro takardata daga cikin kayan makaranta, muka ɗauki hotonta muka tura tare da sauran. Na'ura ta jera mu bisa shekaru, sai ga ni a sama, ƙarƙashin sunan Baba kai tsaye. Na daɗe ina kallon allon nan, har sakatare ya ce in ba saye zan yi ba in matsa.

Ba a jima ba amsa ta zo, kuma ba irin wadda muka zata ba. Ashe a wani reshe an taɓa kama ma'aikaci da takardun haihuwa na saye, don haka mutanen Yamai suka zama masu tsantseni. Sun duba sun ga mutumin da ya yi shekaru yana cewa 'ya'yansa biyar, ranar da aka ce za a mayar da kuɗi sai ga ƙato mai sabon gemu ya ɓullo a kan layi. Ni ma da ni ne a kujerarsu da na yi zargi. Aka umarci shugaban biro ya dakatar da Baba har a gama bincike, aka karɓi makullin mota.

Da hantsi muka ga Baba ya shigo gida a ƙasa, abin da ba mu taɓa gani ba a ranar aiki. Ya shimfiɗa tabarma gindin darbejiya ya zauna. Bai yi mini faɗa ba, don faɗa sai an fuskanci mutum, shi kuwa ba ya fuskantata. Inna ce ta wuce da tsintsiya tana gaya wa bango, "Wasu dai da karambani aka haife su."

Na koma wajen sakatare na roƙe shi ya goge sunana a huta. Ya ce in aka goge yanzu, daidai yake da Baba ya amsa cewa takardar ƙarya ya tura, kuma kora ce za ta biyo. Hanya ɗaya ta rage. Matar da ke kula da albashi a Yamai za ta kira ta bidiyo, Baba ya zauna ya faɗi 'ya'yansa da bakinsa, suna da ranar haihuwa, ni kuma in tsaya a gefensa da katin makarantata. Sakatare ya riga ya yi ƙoƙarin yi mata bayanin al'ada. Ta ce ta sani sarai, a danginsu ma akwai masu yi, amma magana ce da za a naɗa a ajiye a dosiye, wato fayil ɗin ma'aikaci, kuma ba a naɗar shiru. Baffana ya taso daga Bande ya ce shi zai faɗa a madadin wansa, aka ce ba shi ne ma'aikacin ba.

Da aka kawo wa Baba wannan bayani, abin da ya ce bai fi haka ba: "Aikin nan ba shi ya halicce ni ba. Akwai gona a Yekuwa."

Na san ba barazana yake ba, don bai iya ta ba. Ƙannena biyar suna lekol, albashin nan ne cinmu da shanmu, ga mutum yana shirin ajiye shi ya koma riƙon hauya da furfurarsa. Ni kuma a lokacin fassara ɗaya na yi wa abin: Baba ya gwammace ya rasa aikinsa da ya buɗe baki ya kira ni. Na ji zafin wannan ƙwarai, na daina cin abinci a gida, ina yawo wajen abokai kamar wanda ya yi sata.

Sakatare ne ya zo gida da kansa wata la'asar. Ina zaure ina jin su. Bai yi barkwancin da ya saba ba. Ya ce, "Malam, in aikin ne ba ka so, wannan ruwanka. Amma ka san abin da za su rubuta in ka ƙi zuwa? Za su rubuta cewa an bincika, yaron nan ba ɗanka ba ne. Haka zai zauna a takarda, kuma ka san garin nan, magana ba ta kwana a biro."

Can sai na ji Baba ya ce, "Yaushe za ta kira?"

Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a, ya yi gaba, na bi shi a baya da tazara. A biro aka zaunar da shi gaban na'ura, shugaba na gefe, sakatare na riƙe da takardu, ni ina tsaye da kati a hannu. Matar ta bayyana a allo, mai fara'a ce, ba ta kai shekarun Inna ba. Ta ce, "Ina kwana, Baba. Ka yi haƙuri, aiki ne ya zo da haka."

Ya ce, "Ba komai, Madam."

Ta ce ya faɗi 'ya'yansa. Ya faro daga auta. Sunaye ba su ba shi wahala ba, amma ranakun haihuwa sai da ya riƙa ɗaga kowace takarda yana nesanta ta da ido, sakatare na nuna masa da yatsa. Har ya ba wata ƙanwata shekarar wata, aka yi 'yar dariya aka gyara. Ya gama biyar ya tsaya. Tawa takardar tana kan tebur, bai taɓa ta ba.

"Saura ɗaya, Baba."

Ya juya ya kalli taga. Ana jin ƙarar fanka da ta wani babur a waje. Sannan ya faɗa. Cikakken sunan da aka raɗa mini, ba wanda abokai suka gutsure ba, ya haɗa da nasa a baya. Ban taɓa jin sunan nan da wannan murya ba. Wani daɗi ya ratsa ni tun daga ka har tafin ƙafa, na ce a raina yau dai na samu abin da nake nema tun ina yaro.

Sai muka lura Madam ba ta motsi. Fuskarta ta daskare a allo, baki a ɗan buɗe. Sakatare ya danna nan ya danna can, ya ɗaga wayarsa sama yana neman rezo, wato sabis. Da hoton ya dawo sai ta ce, "Ka gafarce ni, Baba, layi ya yanke, ban ji komai ba. A maimaita."

Shugaba ya ciro wayarsa ya kara a kunne ya fita, alhali ba ta yi ƙara ba. Sakatare ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ke a gyare. Ni kuma a karon nan na kalli Baba sosai. Gumi ya jiƙa bakin hularsa, hannunsa ya damƙe gwiwa har jijiyoyi sun fito. Mutumin da ke fitar da mota daga yashi ba tare da fuskarsa ta canza ba, ga shi yau kamanninsa sun sauya. Ya sake faɗa, a hankali, don kada a ce a yi na uku. Daɗin nan duk ya gudu. Ji na yi kamar na shiga ɗaki ba sallama na tarar da shi ba riga, kuma da ina da iko da na mayar masa da sunan cikin bakinsa.

Madam ta tambayi ranar haihuwa. Sakatare ya miƙa hannu zai tura masa takardata, Baba bai ko dube ta ba. Ya faɗi rana da wata da shekara a jere, ba gargada. Sai kuma ya ƙara abin da ba a tambaye shi ba, har yanzu idonsa na kan taga: "Da hantsi ne, ana shuka. Ina gona aka aiko. A can na bar ƙwaryar iri, sai washegari na tuna da ita."

Ta ce, "Ɗanka ne, Baba?"

Ya ce, "Nawa ne."

Ta sa na matso da katina, ta dube ni ta dube shi, ta ce ko ba kati ga goshi nan iri ɗaya. Ta ba shi haƙuri, ta ce magana ta ƙare. Shugaba ya dawo da makullin mota a hannu. Baba ya karɓa, ya miƙe, ya ce wa sakatare, "Ce masa ya wuce gida, rana ta yi."

Kuɗin sun zo daga baya tare da albashi. Ban san ko nawa ba ne, ban kuma tambaya ba, na dai ga an sake rufin ɗakin Inna kafin damina. Baba ya ci gaba da tuƙinsa har ya yi ritaya, kuma daga ranar nan bai sake kiran sunana ba. Ni ma ban sake son ya kira ba.

Abin da na koya shi ne, na yi shekaru ina auna matsayina a wajen mutum da abin da bakinsa ke faɗa, alhali ban san nauyin abin da yake riƙe da shi a ciki ba. Barazanar rasa aiki ba ta sa Baba ya buɗe baki ba, yunwar da ke jiran gidansa ma ba ta sa ba. Abu ɗaya ne ya kasa jurewa, a rubuta a wani wuri cewa ni ba nasa ba ne. Tun daga ranar, in na ga mutum ya yi shiru a kan wani nasa, ba na saurin cewa bai damu ba.