Ƙwayar da ta Kwantar da Mai Keke

Duk telan da ke layin kasuwa ya san Mai Keke. Ba keken hawa yake gyarawa ba, na ɗinki ne, kuma tun yana saurayi sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai sayar da zare da mai guga. Teburi ɗaya ne a ciki, wanda mai ya riga ya rine shi, sai gwangwanaye cike da allurai da ƙoshiyoyi, da tsofaffin bel rataye a ƙusa. In tela ya ɗauko kekensa yana ta bayani, Mai Keke ba ya bari ya kai ƙarshe.

"Bar dogon labari. Taka mu ji."

Sai ya karkata kai ya saurara, ya zura yatsu ƙarƙashin farantin, ya lalubo inda matsalar take tun kafin ya ɗauki sukudireba.

Mahaifinsa ya so ɗan nasa ya zama tela. Bayan ya lalata yadin mutane iya lalatawa, uban ya lura yaron ba ruwansa da rigar, cikin keken yake son gani, sai ya sakar masa. A wannan shagon ya haɗu da matarsa, wadda ke ɗinka kayan 'yan makaranta a gida. Ta kawo kekenta yana tsinka zare, ya gyara, bayan 'yan kwanaki ya sake tsinkawa. Har yau tana cewa da gangan ya bar noti ɗaya a kwance don ta dawo, shi kuma yana rantsuwa keken ne ya ga ya dace. Shugaba yake kiranta. Ita kuma Baban yara take ce masa, ko da yake yaran duk sun girma, kowa ya kama gabansa.

Ciwon sukari ya daɗe da shi, bai ɗauke shi a bakin komai ba. Da ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya a ɗan hawan da ke gaban shago, gwaji ya nuna ƙodarsa ta gaji. Likitar da ke duba shi, wata doguwar mace mai magana a hankali, ta shimfiɗa masa hanya biyu. Ko ya riƙa zuwa asibiti a haɗa shi da injin wankin jini, ko a sa masa siririyar roba a ciki, ya riƙa yi da kansa a gida: ya ɗura ruwan magani daga leda, ruwan ya zauna ya jawo dattin jiki, sannan ya zubo shi ya sa sabo.

"Ni da nake kwance inji, a ɗaure ni jikin inji?" in ji shi. "Likita, ba ni robar."

Ya koya cikin sauri. A gida ya kwashe tarkacen ɗakin babban ɗansu, ya shafe bango da farin fenti, ya kafa ƙugiya ta rataye leda. In lokaci ya yi sai ya rufe shago ya taho, ya goge man hannunsa da sabulu da buroshi har fata ta yi ja, ya ɗaura takunkumi, ya turo ƙofa. Shugaba ta sha cewa ya bar ta ta shiga ko leda ta riƙe masa.

"Ke dai riƙe almakashinki. Wannan aikin injiniyoyi ne."

Haka aka yi ta tafiya lafiya, har ya yi ƙiba, dariyarsa ta dawo.

Wata safiya ruwan da ya zubo bai fito garau yadda ya saba ba. Ya yi dishi-dishi kamar ruwan da aka wanke shinkafa, cikinsa kuma yana murɗawa. An gaya masa tun farko abin da wannan ke nufi, amma akwai keken wani tela da ya yi alkawarin gamawa, don haka ya sa hula ya nufi ƙofa. Ya tarar da Shugaba tsaye a bakinta da mayafi a kafaɗa.

"Na ga ledar," ta ce. "Asibiti."

"Bari in leƙa shago in dawo."

"Baban yara, ko ka bi ni da ƙafarka, ko in tara maka maƙwabta su ɗauke ka kamar buhu. Zaɓi."

Ya bi ta.

A asibiti aka ɗebi ruwan aka kai ɗakin gwaji, aka fara sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin ledojin. Da sakamako ya fito, likita ta ce abin da ya tsiro wata ƙwaya ce ta fata, irin wadda kan faɗa cikin kwalbar gwaji daga hannun mai ɗiba, don haka ba lallai ita ce mai laifin ba. Tun da ciwon ya lafa, ruwan ya fara washewa, aka sallame shi da sauran magani. Ya koma shago yana ba teloli labarin yadda ya kayar da cuta.

Bai gama cika bakin ba ta dawo. Wannan karon da zazzaɓi ta zo, da ciwon da ya hana shi miƙewa. Likita da kanta ta ɗebi ruwan, da safar hannu da taka-tsantsan, ta aika. Abin da ya tsiro a farko shi ya sake tsirowa. Ta jawo kujera ta zauna kusa da gadonsa.

"Baba, ita ce dai. Mun ɗauka baƙuwa ce a kwalba, ashe a cikinka take."

Ta faɗi sunan ƙwayar, wani dogon suna mai murɗa harshe. Ta ce a fatar mutane take zaune, ba ta cutar da kowa, har ba a cika jin labarinta ba. Ita kanta a karatu ta san ta, ba ta taɓa karo da ita a jikin majinyaci ba sai yau. Amma in ta sami ƙofa a buɗe, kamar wannan robar, ta kuma tarar da jiki ya yi rauni, sai ta shige inda ba wurinta ba.

Mai Keke ya ɓata rai. Ya ɗaga hannuwansa yana juya su.

"Wato ƙazami ne ni ke nan? Likita, dubi hannun nan. Har zanen yatsuna ya kusa gogewa don wanki."

"Ba ƙazanta ba ce. Ni ma da nake maka magana akwai irinsu a fatata. Sabulu yana rage su, ba ya ƙarar da su."

Ya kalli matarsa. "Kin ji? 'Yar haya ce. Shekara da shekaru ina ɗauke da ita kyauta, yau ta shiga ɗakin maigida."

Shugaba ba ta yi dariya ba, don ta ga likita ba ta gama ba. Likita ta ce maganin farko bai kashe ƙwayar ba, kwantar da ita kawai ya yi. A ɗakin gwaji sun jarraba mata magunguna har sun sami wanda take jin tsoro. Sai dai ta riga ta manne a jikin robar ta yi mata yauƙi, inda magani ba ya ratsawa. Dole a cire robar, ya koma kan inji har cikin ya warke.

Nan ne kaɗai aka ga Mai Keke ya karaya. Ya juya fuska bango, abincin da aka kawo ya huce a inda aka ajiye shi. Shugaba ba ta lallashe shi ba. Ta zauna tana ɗinke bakin wata riga da hannu, ta bar shi ya gama fushinsa.

Washegari aka cire robar, aka haɗa shi da injin. Ya kwanta yana harararsa. Can sai aka ga ya ɗago kai yana bin ɗan famfon da ke juyawa da ido, yana matsa jini cikin roba. Ya kira nas.

"'Yata, wannan abin da ke juyawa, bel ne ke jansa ko haƙori?"

Daga ranar ya dawo Mai Keken da aka sani. Teloli suka riƙa kiransa a waya, su kara ta jikin keke su taka, shi kuma yana kwance jini na zagayawa yana ba da umarni: a sassauta nan, a ɗaure can. Wani ma ya naɗo kan kekensa a zani ya shigo da shi ɗakin majinyata, nas ta kore shi har bakin matakala. Zazzaɓin ya sauka, ciwon ya tafi, gwaji ya fito babu komai.

Kafin a sa masa sabuwar roba, likita ta ce ya nuna wa nas yadda yake yi a gida, da kayan koyo. Ya wanke hannu yadda ya kamata, ya ɗaura takunkumi, ya buɗe murfi. Da ya zo haɗa bakin robar da na ledar, sai ya kai ɗan yatsa ya shafi bakin, kaɗan, don ya ji inda yake, sannan ya murɗa.

"Tsaya, Baba," in ji nas. "Ka taɓa."

"Ban taɓa ba."

"Sake mu gani."

Ya sake, yatsan ya sake zuwa da kansa. Sukari ya daɗe yana cin idonsa, ƙananan abubuwa sun zama hazo, shi kuwa bai damu ba tun da a shago yatsunsa sun ishe shi. A nan kuwa wurin da yake lalube shi ne wurin da ba a yarda komai ya taɓa ba. Likita ta ce ba za ta rantse ta nan ƙwayar ta shiga ba, amma ba za ta sa sabuwar roba a ci gaba a haka ba. Ko ya zauna kan inji, ko wani ya riƙa haɗa masa.

"Ni zan yi," in ji Shugaba.

"Ke? Wannan ba wuyan riga ba ne."

Ta ajiye jakarta ta dube shi. "Baban yara, tun yaushe kake kawo mini allurai gida in zura maka zare, kana cewa hannunka da mai? Ka ɗauka ban gane ba? Na taɓa gaya wa wani?"

Nas ta sunkuyar da kai tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

"To," ya ce daga ƙarshe. "A koya mata. Amma ina kallo."

"Da wane idon?" in ji Shugaba. Har likita sai da ta dara.

Ta koya, kuma hannun da ya saba da bakin allura bai sha wuya ba. Aka sa sabuwar roba, aka tura shi wajen likitan ido, ya dawo da tabarau mai kauri da teloli suka yi ta yi masa tsiya a kai. Ƙwayar ba ta sake dawowa ba. Sunanta na gaskiya bai taɓa zama a bakinsa ba, amma duk wanda ya zauna a shagon sai ya ji tarihinta, kuma kullum tana ƙara girma a labarin.

Yanzu da rana in ya rufe shago ya taho, yakan tarar ta riga ta rufe taga ta goge teburi. Sai ya zauna ya ɗage riga, ya sa hannuwansa biyu a bayan ƙeya yadda ta sharɗanta masa, ta haɗa, ruwa ya fara sauka. Wannan zaman ya zama lokacin hirarsu. A nan ta gaya masa tana so ta daina ɗinkin kayan makaranta ta koma na jarirai, a nan suka shirya zuwa ganin jikarsu ta fari. Ya tambayi likita ko mai roba a ciki yana iya doguwar tafiya, ta ce ƙwarai, in dai da ledojinsa da mai haɗa masa. Suka cika bayan mota da kwalayen ruwan magani, Shugaba ta rungume jakar safar hannu da takunkumi a cinya, suka kama hanya.