Mushe Alasan da Sallar da Ba Ita Ake Nufi Ba

Shekara goma ke nan da rasuwar taubashina Alasan, wanda mutanen Buza da Keita suka sani da Mushe Alasan, kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, malamin Ingilishi a koleji. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yara a Tamaske ba ni da aikin da ya wuce tsokanarsa, shi ma bai taɓa raga mini ba. Har yau in na ji abin dariya sai in ji ina neman wanda zan kai wa, sannan in tuna. Abin da ya sa na yi wannan rubutu bana kalma ɗaya ce ta Ingilishi, wadda ta bi shi har kabari, yanzu kuma ga ta ta biyo jikarsa.

Lokacin da ya gama karatu yana saurayi, yanar ido ta rufe wa Babana gani, har ya daina bambanta gero da ciyawa a gona. Aka ce akwai wani likita Bature a wani asibiti wajen Madawa da ke cire ta, amma ba ya jin Hausa, Faransancinsa ma ba ya kai shi ko'ina. Alasan ya buga ƙirji ya ce shi ne tafinta. Na bi su ina riƙe da kwanon fura, shi kuwa yana tafe yana hura hanci kamar shi zai yi aikin.

Likita ya duba, ya ce abu ne mai sauƙi, gobe za a yi. Sannan ya riƙe hannun Baba ya ce, "I will pray for you." Alasan bai tsaya ko numfasawa ba, ya juyo ya ce, "Kawu, ya ce za shi yi maka salla."

Duk wanda ya tashi cikin Hausa ya san wanda ake yi wa salla. Mai rai addu'a ake yi masa, gawa ake yi wa salla. Baba ya zare hannunsa ya ce, "Ashe har sun gama da ni. Rabi, miƙo min sandata mu tahi gida. In mutuwa ta, in mutu Tamaske."

Nan take Alasan ya gane abin da ya yi. Ya durƙusa yana bayani cewa Turawa kalma ɗaya gare su, ita ce salla, ita ce addu'a, kuma addu'a likitan yake nufi. Baba ya ce, "Maganar hwarko ita ta gaskiya, ta baya lallashi na." Babu wanda bai roƙe shi ba, har limamin unguwa, amma bai sake taka asibitin ba. Ya rayu shekaru bayan haka, ana jan sa zuwa gona yana shafa zangarniya da hannu don ya ji ko ta yi ido.

Gari ya mayar da abin labarin ban dariya, kuma ni ce kan gaba. Duk inda na gan shi sai in ce, "Mushe, yau wa za a yi wa salla?" Amma gaskiyar ita ce abin ya yi mini ciwo. Baba bai ga fuskar ɗana ko ɗaya ba. Na kuma san ya fi yi wa Alasan ciwo, don shi ne duk hutu yake zuwa ya ja masa sandar.

Ina jin daga nan ya zama irin malamin da ya zama. Ɗalibansa, waɗanda yanzu wasunsu furfura ta fito musu, suna gaya mini cewa in darasi ya kawo kan kalmomin addini sai ya ajiye alli ya zauna a bakin tebur. Yakan ce kalmar charity ba ta san bambancin zakka da sadaka ba, alhali ɗaya dole ce ɗaya kuwa ganin dama. Yakan ce fast azumi ce, kuma ita ce sauri, duk da ba a taɓa ganin ranar azumi ta yi sauri ba. Wadda ta fi ba shi dariya ita ce spirit, mai nufin ruhi, da aljani, da kuma giya mai ƙarfi, yana cewa wanda ya ce tana jikinsa sai ka tambaye shi wace ce daga ciki kafin ka zauna kusa da shi.

Bai raina harshen ba, yana son sa ƙwarai. Yakan nuna musu inda mu ma muke tara abubuwa a kwando ɗaya: holy da sacred da pure duk sai mu ce tsarki, mu wuce. Abin da yake so yara su riƙe shi ne kada mutum ya ɗauki kalma daga wannan harshe ya dire ta a wancan kafin ya tambayi kansa wa ke magana, wa kuma zai ji.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Waya na hannun kowa, har matasanmu da ba su yi Ingilishi a makaranta ba, in an yi rasuwa sai ka ga sun rubuta haruffa uku, RIP, wai mamaci ya huta lafiya. Na tabbata ba zai yi faɗa ba. Zai dai ce fatan hutu abu ne mai kyau, amma "Allah ya jiƙansa" ta faɗi Wanda ake roƙo da abin da ake roƙo, waccan kuwa ta bar duka biyun a rufe. Sannan zai gyara wa yaron rubutunsa, don bai iya ganin kuskure ya wuce ba.

A ciwonsa na ƙarshe na je gaishe shi, na tarar ya rame har na kasa tsokanarsa. Shi ya fara. Ya ce, "Rabi, yanzu kam ta salla ta matso." Na ce ya daina. Ya ce, "Ita ba ta damuna, liman da maza ba su mantawa da ita. Addu'a nika jin tsoro. In ke kin tahi, wa za shi tuna?" Ɗansa ɗaya ne, Mahamadu, yana Amurka da iyalinsa, kuma 'ya'yan Mahamadu a lokacin ko "ina kwana" ba su iya ba. Na ce masa ai shi ya cika wa ubansu kai da Ingilishi. Ya yi murmushi.

Ranar da ya rasu ina cikin gida da mata, muna jin kabbarorin sallarsa daga waje. Kafin in share hawaye an gama. Tun daga ranar tambayarsa take zaune a raina, kuma kowace shekara masu ambaton sunansa raguwa suke yi.

Makon jiya sai ga saƙon murya daga Hadiza, babbar 'yar Mahamadu, wadda yanzu ta shiga jami'a kuma ta dage sai ta koyi Hausa. Tana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Kaka, yau na yi wa Kaka Alasan salla."

Na yi dariya har na riƙe ciki, sannan dariyar ta juye kuka, ban san lokacin ba. Na sa aka kira mini ita, ubanta yana taya mu inda Hausarta ta tsaya. Na tambaye ta me ta yi. Ta ce bayan ta idar da sallarta ta ɗaga hannu ta roƙi Allah ya yafe masa, kuma tun tana ƙarama take yi, ba wanda ya sa ta. Na ba ta labarin Baba da likita, na koya mata kalmar da take nema, ta yi ta maimaitawa har ta zauna mata. Sai ta ce da Ingilishi take roƙon, ko ya karɓu? Ni ba malama ba ce. Na ce mata Wanda take roƙo ba ya buƙatar tafinta.

Makarantun da Alasan ya koyar sun sake malamai, yaran da ke ciki ba su san shi ba. Abin da ya rage masa shi ne tsoffin ɗalibai da ke dakatawa kafin su juya magana, da yarinya a wata ƙasa mai ɗaga hannu dominsa. Shekara goma ina ɗauke da tambayarka, taubashi, yau ga amsa. Addu'ar ba ta yanke ba. Ta zo da sunan da ba nata ba, irin kuskurenka sak, amma ta iso. Allah ya jiƙanka, ya jiƙan Baba.