Haƙorin Yaya da Ya Kai Mu Sakkwato

Mun bar Jega da asuba, ana fitowa daga masallaci, ni da yayata. Waɗanda suka ga hoton da na sa a intanet muna tasha sun yi ta tambaya ko lafiya. Lafiya lau, haƙori ne ya tashe mu.

Yaya malama ce, matan aure take koya wa karatun Alƙur'ani a gidanmu tun ina sakandare. Tana da fiƙa ɗaya ta sama da ta fito a karkace, ta hau kan haƙorin da ke kusa da ita. Da can ba ta dame ta ba, amma bana sai ta ƙara turowa, har tana yanka mata leɓe ta ciki. In ta yi dogon karatu sai ta tofar da yawu da jini. Mai cire haƙori na garinmu ya ce a fizge ta a huta. Wani ma'aikacin asibiti kuma ya ce waya za a ɗaura mata. Duka biyun ta ƙi. Ta ce giɓi zai sa iska ta riƙa kufce mata a kan haruffa, ita da take gyara wa mutane lafazi. Waya kuwa, ta ce ba za ta zauna gaban ɗalibanta da jikokinta da ƙarfe a baki kamar an ɗaure buhu ba. Ana cikin haka wata ɗalibarta ta nuna mata bidiyo a waya, wai akwai wata roba garai-garai da ake sawa ta daidaita haƙora ba tare da kowa ya gani ba, kuma an ce akwai masu yinta a Sakkwato. Ni dai ban yarda ba. Abin da ya sa na ce zan raka ta ke nan, in gani da idona.

Ƙaramar motar haya muka shiga, huɗu a baya, biyu a gaba. Kuɗin mota ya hau sosai a kan yadda na sani, direba kuma ya riga ya haddace amsarsa, tun kafin ka buɗe baki zai ce maka ka je gidan mai ka tambaya. Gari ya waye mana a Aliero. Kafin ka ga garin hancinka zai gaya maka ka iso, saboda albasa, ga ta nan tuli-tuli a bakin hanya ana ɗura ta a buhuna. A nan muka sauke wani dattijo da ɗansa mai karyayyen hannu, sun zo wurin masu ɗorin da garin ya yi suna da su. Yaya ta bi su da kallo ta ce da ma ana ɗorin haƙori, da a nan za mu sauka mu ma.

A Tambuwal muka karya kumallo da masa da shayi. Na lura Yaya gefe ɗaya take tauna, a hankali, abin da ban taɓa kula da shi ba duk zamanmu gida ɗaya. Daga nan hanya ta miƙe. Wani wuri kwalta sumul, wani wuri direba ya riƙa kauce wa ramuka kamar mai rawa. Muka wuce Shagari, muka wuce Bodinga, gonaki dama da hagu, raƙuma ɗauke da kaya suna tafiyarsu ba ruwansu da hon ɗinmu.

Da hantsi muka shiga Sakkwato. Mu ma mutanen zafi ne, amma ranar birnin nan daban take, kamar ta san ka zo baƙunta. Keke ya kai mu Tudun Wada, gidan ɗan baffanmu, tela ne. Unguwar a cike take maƙil, nan mai walda, can mai gyaran babur, ƙarar keken ɗinki ta ko'ina. Matarsa ta dama mana fura mai sanyi da nono mai kauri, irin wadda in ka sha sai ka nemi tabarma. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya ce kafin mu je asibiti mu fara biyawa wurin wani tsoho a wajen Ƙofar Rini, mai sa wa mutane haƙorin Makka, ko yana da dabara.

Shagon tsohon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Yana da 'yan kwalabe cike da murafan haƙori, na ruwan zinariya da na azurfa, da wani ƙaramin madubi mai tsaga. Na yi ta leƙa kwalaben ina tambayarsa yadda ake auna su, shi kuma bai gaji da ni ba. Da ya duba bakin Yaya sai ya girgiza kai.

"Malama, ni riga nika sa ma haure, ba ni canza mai wurin zama. In na sa ma wanga riga, ƙara tsini za shi yi. Ku tahi asibiti."

Bai karɓi ko sisi ba, har ya fito ya tare mana keke.

Asibitin haƙoran ƙarami ne, mai zaman kansa, a cikin sabbin unguwanni. Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwarmu ba, hakan kuma ya sa Yaya ta saki jiki. Ni na zauna a gefe da tambayoyina. Ta ɗauko wani haƙorin gwaji na roba, baki guda cikakke, ta yi mana bayani a kansa. Ashe wayar ma iri-iri ce. Akwai wadda 'yan maɓallanta na tangaran ne, launin haƙori, sai an matso kusa ake ganewa. Akwai wadda ake ɗaurawa ta bayan haƙora, ba a ganinta sam. Yaya ta gyara zama da jin wannan, amma likita ta ce harshe yana gogar ta, magana takan canza na wani lokaci, kuma masu iya sa ta ba su da yawa. Nan take Yaya ta ce a wuce wurin. Akwai kuma wani siririn ɓawo da ake mannawa a fuskar haƙori ya yi kamar ya miƙe. Shi ba ya motsa haƙori, rufe shi kawai yake yi, kuma sau da yawa sai an ɗan kankare lafiyayyen haƙori kafin ya zauna.

"To ita robar da anka ce hwa?" in ji Yaya. "Gaskiya ce ko ƙaryar waya ce?"

Likita ta yi murmushi, ta wanke hannu, ta sa yatsu biyu a bakinta ta zaro wani abu kamar ɓawon gilashi mai siffar haƙoranta. Duk bayanin nan da ta yi mana, da shi a bakinta ta yi. Wallahi ina zaune ina kallon bakinta ban ga komai ba. Na tashi na matso ina leƙawa kamar ɗan ƙauye ya ga jirgi.

Ta ce ba guda ɗaya ba ce, jeri ne. Kowace tana ɗan matsa haƙori kaɗan, in ta gama aikinta a ajiye ta a sa ta gaba, har a kai inda ake so. Ana sa ta dare da rana, ba a cirewa sai za a ci abinci ko a goge baki. Wanda zai riƙa mantawa da ita a aljihu, in ji ta, kada ma ya fara. Ba kuma kowace karkata take gyarawa ba, wata dole sai waya. Bayan an gama akwai wata da za a riƙa kwana da ita, don haƙori yana son komawa inda ya saba.

Yaya ta ce wa likita ta mayar da robar bakinta. Ta mayar. Sai ta sa ta furta mata haruffan Larabci masu fita ta kan harshe da haƙora, ɗaya bayan ɗaya, ta karkata kunne kamar yadda take yi wa ɗalibanta. Likita ta yi ta maimaitawa tana danne dariya. Ta ce a kwanakin farko ta yi ɗan tsitsit a magana, daga baya harshe ya saba. Yaya ta gyaɗa kai ta ce ta ci jarrabawa. Sannan ta tambayi hukuncin alwala da azumi da abin a baki.

"Malama, ni haƙori na karanta," in ji likita. "Wagga tambaya ai ni ya kamata in kawo maki ita."

Daga nan aka zo abin da ya fi ba ni mamaki. Ta ɗauko wata na'ura mai kama da babban buroshi, da kyamara a kanta, ta yi ta zagaya bakin Yaya da ita. Haƙoran suna fitowa a allon kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, har baki ya cika, tana juya shi sama da ƙasa da yatsa. Ta danna wani wuri, sai ga haƙoran suna tafiya da kansu a allo. Fiƙar ta ja da baya ta shiga layi, komai ya jeru reras. Na ce masha Allah. Yaya kuwa ta matso kusa da allon. Ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna tsakiyar haƙoran gaba.

"Ina wushiryata?"

Kwamfuta ta toshe ta. A wurinta wushirya ma karkata ce da ya kamata a gyara. Likita ta ce masu ƙera robar a ƙasar waje suke, haka suke tsarawa in ba a hana su ba.

"To a hana su," in ji Yaya. "Ta Innarmu ce. Ita haƙoranta sun zube, cikinmu kuma ni kaɗai na gado ta. Fiƙa ta kawo ni, ba ita ba."

Ban taɓa sanin tana kallon abin haka ba. Likita ta ɗan yi taɓe-taɓe, wushirya ta dawo allo, fiƙa kuma tana cikin layi. Sai a lokacin Yaya ta ce yanzu ta ga bakinta.

Amma ba mu taho da roba ba. Hoton ƙashi ya nuna dasashin Yaya ba shi da lafiya, datti ya daskare a gindin haƙora, shi ne ma ya sa fiƙar ta fara motsi bana. Likita ta ce in aka matsa haƙori a kan dasashi mai ciwo, ana iya rasa shi gaba ɗaya, don haka ba za ta fara ba sai ya warke. A ranar ta wanke mata haƙoran da wata na'ura mai ƙara kamar sauro, ta koya mata yadda za ta riƙa tsabtace tsakaninsu, ta ce ta rage goro. Wannan ya fi wankin yi wa Yaya zafi. Kuɗin robar kuma ba wasa ba ne, ya kai a sayi babur, ko da yake ana biya kashi-kashi. Yaya ta ce za ta yi shawara da 'ya'yanta kafin ranar da aka ce mu koma.

Washegari muka sayi kilishi na tsaraba muka kamo hanya. Ni kaɗai na ci nawa a mota, Yaya tana harara ta, don dasashinta bai daina tsami ba. Bayan azahar muka shiga gida. Inna tana zaune a inuwa, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce Yaya ta matso ta buɗe baki. Idonta ya yi rauni, sai ta kai ɗan yatsa ta shafa haƙoran gaba, ta tsaya a tsakiya.

"Sun bar ta," ta ce, ta koma ta jingina.

Na tafi ina zaton ko dai ƙarya ce, ko kuma abu ne da za a saya a sa a dawo da sabon baki. Na tarar ba ɗaya daga ciki. Hanyoyin gyaran haƙori ba tare da wayar ƙarfe ba suna nan, a nan kusa da mu, amma kowace da sharaɗinta, kuma sai an duba lafiyar dasashi kafin a yi maganar kyau. Mai niyya kada ya sayi komai daga bidiyon waya, ya je a duba shi. In kuma an nuna maka sabon bakinka a allo, ka tsaya ka kalle shi da kyau kafin ka ce to. Na'ura ta san layi, amma ba ta san wa ka gado ba.