Ranar da Eilif Ya Hana Gawa Wucewa

Eilif Brekke makiyayin awaki ne, amma a kwarinsu an fi saninsa da makullin shingen hanya. Hanya ɗaya tak ke fita daga ƙauyen zuwa bakin ruwa, inda coci da maƙabarta suke, kuma tana ratsa gindin wani dutse da kan tara dusar ƙanƙara kowane hunturu ya sako ta ƙasa ranar da ya ga dama. Mahaifinsa ne ya fara riƙe makullin, shi kuma ya gaje shi yana ɗan shekara talatin da ɗaya.

Aikin ba shi da wani armashi. Da safe in ya zuba wa awaki ciyawa, sai ya hau gangaren bayan gidansa da shebur, ya haƙa rami har ya tarar da ƙasa, ya durƙusa yana danna yatsa a bangon ramin. Ƙanƙara hawa-hawa take kwanciya, kowane zubi da halinsa. Abin tsoro shi ne wani hawa can ciki ya koma garas-garas kamar sukari, na samansa kuma ya daskare ya yi nauyi. In ya ga haka sai ya sauko ya rufe hanya. Matarsa Gudveig takan ce ya fi sanin cikin ƙanƙara a kan cikin gidansa.

A Fabrairun shekarar da ya cika sittin, maƙwabcinsa Sverre ya rasu. Tare suka tashi, benci ɗaya suka zauna a makaranta. Aka sa jana'iza ranar Alhamis. Ran Talata aka wuni ana zuba ƙanƙara, iska na kwasarta tana jibgewa a kan dutsen. Da Eilif ya haƙa rami ran Laraba, hannunsa ya shige wani hawa ba tare da ya danna ba. Ya taka gefe, sai ya ji wurin ya yi nishi a ƙarƙashinsa, ya ɗan nutse.

Da kansa ya je wurin Torlaug, matar mamacin. Ya same ta tana yanka burodi da cuku saboda masu zuwa gaisuwa. Ta saurare shi da wuƙa a hannu. Ta ce ai minti biyu ne a wuce wurin a mota, an riga an haƙa kabari da ƙyar, ga 'yarsu ta taso daga birni tana jira a bakin ruwa.

"Eilif, abokinka ne fa. Me ƙanƙara za ta yi masa yanzu?"

"Shi kam ba abin da za ta yi masa. Mota tara za su bi bayansa, Torlaug, ke kina cikin ta farko."

Ta ce ya fitar mata daga gida.

Akwatin gawar ya ƙara kwana huɗu a rumbun ciyawar Sverre, inda sanyi ya wadata. Kullum Eilif sai ya haƙa sabon rami, in ya sauko ya biya ta rumbun ya ɗan tsaya, hula a hannu. Dutsen kuwa bai saki komai ba. Ran Lahadi gari ya ɗan sassauta, ƙanƙarar ta zauna ta kama jikinta, Litinin ya buɗe shinge aka je aka binne. Wurin cin abinci wani ya ɗaga murya ya ce yanzu ko mamaci sai ya nemi izinin Eilif kafin ya tafi lahira. Wasu suka yi dariya.

Torlaug ta fi shekara ba ta amsa gaisuwarsa ba. Daga baya ta soma gyaɗa kai, wata damina kuma ta zo aron injin yankan ciyawa. Magana ta dawo, amma ba wanda ya taɓa tayar da zancen.

Fushinta ya iya haƙuri da shi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne har yau bai sani ba ko da an bi hanyar ran Alhamis da an wuce lafiya. Ya taɓa gaya wa Gudveig cewa da dutsen ya sako ƙanƙarar a waɗancan kwanakin da ya samu sauƙi a ransa, kuma yana jin kunyar wannan fata.

Bara gwiwoyinsa suka gaza, ya miƙa aikin ga wata injiniya da aka turo. Ta tambaye shi sau nawa ya rufe hanya a banza. Ya daɗe yana tunani, ya ce ba zai iya ware su ba. Sannan ya nuna mata da sanda inda ya fi dacewa a haƙa.