Rijiyar Malama Darasi

Ana ta yaɗawa a unguwa cewa Malama Darasi ta ɗaga ɗan majalisa da hannu ɗaya ta tsoma shi cikin duron ruwa, kai ƙasa ƙafafu sama, sai da masu kashe gobara suka zo suka zaƙulo shi da ƙugiya. Mai wankin mota na bakin titi ya rantse a kan idonsa aka yi, har ya ce takalmin mutumin ɗaya yana nan a gindin duron. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma abin takaici ne da ta zama ƙarya. Malama Darasi ko bokitin wanka ba ta kai shi banɗaki sai ta huta a hanya, shi kuwa ɗan majalisan in za a ɗaga shi sai an ɗauko motar da ke ɗaga kwantena. Duro dai akwai shi a labarin, ɗan majalisa ma akwai, amma ba su taɓa juna ba.

Ita Malamar 'yar fari ce a gidan wani tela, kuma tun tana rarrafe dangi suka gane an haifo musu jarrabawa. Duk takardar da ta shigo gidan sai ta karanta, har wadda aka ƙunso allura a ciki. Ba karatun ne abin haushi ba, tambayar da ke biyo bayansa ce. In tulu ya fashe, in akuya ta ci wanki, sai ka ga yarinya ta riƙe ƙugu ta ce, "To, mene ne darasin?" Ranar da ɗan gwaggonta, yaro mai hankali da kowa ke yabo, ya faɗo daga katangar maƙwabta ya karye a hannu, kowa ya yi kansa da salati. Ita kuwa ta tsaya a kansa yana birgima cikin ƙasa, ta yi masa tambayar nan. Daga ranar sunan ya bi ta. Mijin da ta aura direba ne, mutumin kirki, kuma tun shekarar aurensu ya nemi a mayar da shi hanya mai nisa.

Makarantar da take koyar da adabi tana bayan tashar mota. Ajinta ɗaki ne da aka gina don yaran da za su cika benci, yanzu ya cika har kan taga. Allon ya tsage a tsakiya, sai ta rubuta rabin jimla ta tsallake ramin ta ƙarasa. Littafin da hukumar jarrabawa ta sa a karanta kuwa, wani tsohon labari da aka rubuta tun kakanni ba su yi haƙori ba, ƙwaya ɗaya ne tak a makarantar. A ƙasan kabad ta tsince shi ranar da ta fara aiki, bangonsa naɗe da salatif, kuma gara ta riga ta fara karanta shi daga baya.

Labarin na wani shugaban gari ne da ya sayar wa attajiri rijiyar garinsu, mutane suka koma sayen ruwan da iyayensu suka haƙa da hannu. Shafin ƙarshe da ya tsira ya tsaya daidai inda mutanen gari suka taru a ƙofar shugaban, fuskokinsu ba annuri. Daga nan sai ramuka da garin takarda.

Wani malamin da sai ya ce wa yara, ga inda littafi ya ƙare, Allah ya kawo wani. Malama Darasi ba ta ga abin tsayawa ba. A ganinta duk mai hankali ya san inda labari irin wannan ya dosa. In ta iso wurin sai ta kifa littafin a ƙirji, ta ɗaga kai sama, ta ci gaba kamar mai karantowa daga rufin kwano: mutanen gari suka kama shugaban, suka ja shi har bakin rijiyar, suka jefa shi ciki da rawaninsa da tumbinsa. Yara su yi ta buga benci. Haka ta yi shekara da shekaru, kuma a kowace shekara azzalumin yana ƙara daɗewa a hanya kafin ya kai ƙasa. Ko yaro ɗaya ba ta taɓa gaya masa shafukan babu ba. Da sakamakon jarrabawa ya fito, yaranta su zube a adabi kamar 'ya'yan itace a iska, sai ta ce masu duba takardun jahilai ne da ba su iya karanta rubutun yara.

Ana nan sai zaɓe ya matso. Ɗan majalisar yankin, wanda a zamaninsa filin ƙwallon makarantar ya kwana fili ya tashi gidan mai, ya tuna cewa yana ƙaunar ilimi. Wata safiya babbar mota ta sauke kwalaye a ofishin shugaban makaranta, kowane kwali da hoton mutumin yana murmushi, a ciki kuma sababbin kofe na littafin nan ne. Tare da kwalayen aka turo mai riƙe masa jaka, wani siriri mai waya a kowace aljihu, wanda kowa ke kira Jaka.

"Mai gida yana son yara su yi wasan kwaikwayon littafin ranar miƙa kyauta," in ji Jaka. "Ni na zaɓe shi da kaina. Ƙarshensa zai yi masa daɗi ƙwarai."

Malama Darasi ta dube shi sama da ƙasa. A ranta ta ce ashe mutumin ya san kansa. Da Jaka ya fita ta juya wurin shugaban makaranta, wanda ya riga ya zauna a kan kwali ɗaya kamar kaza a kan ƙwai.

"Yallaɓai, a ba ni guda ɗaya in duba."

"Ba a buɗewa sai ranar."

"Guda ɗaya na ce. Ba cinye shi zan yi ba."

"Malama, kin taɓa ganin an ɗauki hoto da yagaggen kwali? Mai girma ne zai yanka salatif ɗin da almakashi a gaban kyamara. Ke da kika haddace littafin, me za ki duba?"

Ba za ta iya cewa ba ta haddace ba. Ta fita tana cewa, yadda zai ji, wasu mutane da kujera aka haife su manne a baya. Shi ma ya ce, yadda za ta ji, wasu matan bakinsu ya riga hankalinsu isa makaranta.

Ranar taro aka kafa rumfa a ɗan abin da ya rage na tsakar makaranta, aka jera kujerun haya, iyaye suka cika wurin har kan katanga. Ɗan majalisa ya cinye kujera biyu a sahun gaba, ƙamshin turarensa ya haɗu da warin fetur da ke tasowa daga tsohon filin ƙwallo. Yara suka fito. Yaron da ya fito a matsayin shugaban garin an cusa masa filo a ciki, wanda Malama ta rantse ba da wata manufa ba ne. Wani tsohon duro aka mirgino a matsayin rijiya. Wasa ya yi ta tafiya lafiya, mai girma yana gyaɗa kai, Jaka yana raɗa masa cewa ya jira ƙarshen.

Ƙarshen ya zo. Mutanen gari suka taru a ƙofar shugaba, suka damƙe shi, suka ja shi yana ihu, suka cusa shi cikin duro har sai da filon ya fito ta wuyan riga. Iyaye suka miƙe da tafi. Daga kan katanga wata murya ta ce, "Saura na filin ƙwallo." Dariya ta tashi har direbobin tasha suka leƙo. Murmushin ɗan majalisa bai gushe ba, ya dai bushe a inda yake kamar na hoton kwalin.

Jaka ne ya yi tsalle ya yage kwali da haƙori, ba almakashi ba kyamara, ya zaro littafi ya fizge lasifika. Ya karanta wa jama'a ainihin ƙarshen. Ashe shugaban garin fitowa ya yi ya fashe da kuka, ya ce shaiɗan ne. Mutanen gari suka yafe masa, suka ɗauke shi a kafaɗa suka zaga gari, ya yi alkawarin haƙa wata rijiyar, ya ci gaba da mulki har tsufa. Rijiyar farko kuwa ta zauna a hannun attajiri.

Yaran duk suka juya suka kalli malamarsu.

A ofis ba a ba ta kujera ba. Ɗan majalisa ya riga ya tafi, ya bar Jaka ya yi masa fushin.

"Wa ya biya ki?" in ji Jaka. "'Yan adawa ne ko?"

"Da suna biya da ka gan ni da wannan takalmin?"

"Malama, ki iya bakinki," in ji shugaban makaranta. Ya ɗauko tsohon littafinta daga kan tebur, ya buɗe bayansa, garin takarda ya zubo. "Wannan kike koyarwa da shi? Ashe shi ya sa yaranmu ke faɗuwa. Ana tambayarsu yadda aka yafe wa mutum, suna rubuta yadda ya nutse. Ke kuma kina zagin masu maki."

Wannan ta shige ta. Ta karɓi sabon littafin daga hannun Jaka ta karanta shafukan a tsaye, a hankali, leɓenta na motsi. Da ta gama ta ce marubucin matsoraci ne, ya kawo mutane har ƙofa sannan gwiwarsa ta yi sanyi.

"Ba ra'ayinki aka tambaya ba," in ji shugaban. "Gobe a taron safe za ki tsaya gaban yara ki ce kin yi ƙarya, sannan ki bi wannan bawan Allah ki je ki ba mai girma haƙuri. In ba haka ba, ajin ya bar hannunki."

Ajin nan shi ne duk abin da take da shi. Ba ta da shago, ba ta da gona, a gida ma ba mai sauraronta sai kyanwa.

"Yaran zan ba haƙuri, don na cuce su," ta ce. "Shi kuwa me na ci masa? Yaro na sa a duro. In shi ya ga kansa a ciki, ba ni na tura shi ba."

Jaka ya fizge littafin daga hannunta, ya ce na kwali ne. Kafin la'asar motar nan ta dawo ta kwashe kwalayen gaba ɗaya, aka manne wanda aka yaga, aka wuce da su wata makarantar da ita ma za a yi mata kyauta.

Washegari ta tsaya gaban yara ta faɗi gaskiya ba kwana-kwana: shafukan babu, ita ta cike, kuma in jarrabawa ta zo su rubuta cewa an yafe masa. Ba wanda ya buga benci. A bakin ƙofa wata mai sayar da kayan miya ta tare ta, ta ce 'yarta ta yi ta faɗuwa a adabi har ta haƙura da karatu, yanzu tana tsare mata tire. "Da kin ce ba ki sani ba, Malama, da mun nemo aro. Girman kai ne ya hana ki." Malama Darasi ta tsaya ta sha zagin har ƙarshe. Gidan ɗan majalisa kuwa ko hanyarsa ba ta kalla ba.

Aka karɓe ajin aka ba malamin motsa jiki, wanda tun da aka sayar da fili ba shi da aikin yi. Yanzu shi ke koyar da adabi da usur a wuya. Ita kuma aka ajiye mata benci a bakin ƙofar makaranta, tana tsare masu makara, tana jiyo muryarsa ta taga yana karanta sunan littafin a karkace.

A nan ɗan gwaggonta ya same ta wata rana da hantsi, ya zo gaisuwa tsakani da Allah, ya zauna a gefen bencin.

"Yaya, sannu da gadi. An ce har kakin soja za a ɗinka miki."

Ba ta kalle shi ba.

"Ni dai abin da ya ba ni mamaki, ke da kika raine mu da cewa maƙaryaci ba ya gamawa lafiya, ashe ke ce uwar ƙungiya. Mu tamu ƙaryar a bakin shago take ƙarewa, taki har da albashi. To yanzu tsakaninki da mai girma, wa ya faɗa rijiyar?"

Sai a lokacin ta juyo, ta dube shi tun daga hula har silifa.

"Ni ce, ɗan Gwaggo. Amma ni kafin a ture ni sai da ɗan majalisa ya bar taro, aka kira ofis, aka turo mota. Kai fa, tun da aka haife ka, wa ya taɓa ganin kana wani wuri da ya isa a kore ka daga shi? Tashi min daga benci, na ma'aikata ne."